Na Yi Ƙaura, An Bar Mini Tsoho a Bakin Ƙofa

Zuwa ga:
Mai Girma Shugaban Sashen Kula da 'Yan Wasa,
Kamfanin Wasan Ƙasar Bayan Tsauni.

Daga:
Iya Mai Ludayi (sunana a cikin wasanku),
Tsohuwar mai wanki da guga ta asibiti,
Gida na ƙarshe, layin bayan tashar mota.

Litinin, 9 ga Yuni, 2025.

Game da: Ƙaurar da aka yaudare ni na yi daga Babbar Kasuwa zuwa Lambun Manya, da gidana da kuke shirin rushewa.

Ranka ya daɗe,

Ma'aikacinka da ke kiran kansa Damisa maƙaryaci ne, kuma shi ya raba ni da mijina. Na fara da wannan ne don kada a ce tsohuwa ta yi kwana-kwana. Bayan haka ina gaisuwa cikin ladabi, da fatan kana lafiya, kai da injinanka. Ban yi makaranta ba. Matar ɗana ce ke bugawa, ni ke faɗa, na kuma hana ta gyara mini ko kalma ɗaya.

1. Sanda ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da maigidana, direban babbar mota ne da bai taɓa iya zama wuri ɗaya ba, ɗanmu ya saka mana wasanku a waya. Abin da kuke kira saba, ni gari nake ce masa. A garin Babbar Kasuwa muka gina gida a bakin rafi. Shi yana kamun kifi da hannunsa ɗaya mai lafiya, ni ina dafa wa mayaƙa maganin rauni a tukunya. Bara Allah ya karɓi abinsa. Amma mutumin nasa na cikin wasa yana nan zaune a kan benci a bakin ƙofa, ƙugiyarsa a cinya, domin kuwa haka tsarinku yake ajiye ɗan gida idan mai shi bai shigo ba. Kullum da safe, in na ɗora ruwan shayi, sai na shiga na gaishe shi. Ba ya amsawa. Da ma can ba mai amsa gaisuwar safe ba ne, saboda haka ban ga wani bambanci ba.

2. Ranar 28 ga Mayu na kai kuka cewa yara marasa kunya sun cika garin, suna hawa rufin gidana suna rawa, suna kirana kakar dodanni. Damisa ya ce ai irina ba ta dace da garin kyauta ba, in koma Lambun Manya, ƙaramin gari na masu biya, inda sai dattawa masu mutunci. Na tambaye shi da bakina, har sau biyu, ko zan tafi da abin da nake da shi. Ya ce ƙwarai, duk abin da ke tare da ni zai bi ni. Muryar tana nan a wayata. Allah ya ƙara masa ilimi, ya iya zaɓen magana.

3. Yallaɓai, ban san yadda ake ƙaura a gidanku ba, amma mu ga yadda muka gada. Na bi maƙwabta gida-gida na yi sallama, na nemi gafara. Na sauke duk abin da ke cikin jakar bayana, na shirya a akwatuna, na jera su a tsakar gida inda mota za ta iya ɗauka. Na ɗaure awaki. Na jawo akwatin ƙugiyoyi kusa da bencin tsoho don kada a manta da shi. Ranar 2 ga Yuni na danna abin da aka ce in danna. Sai ga ni tsaye a Lambun Manya, daga ni sai ludayin da ke hannuna. Ashe a wurinku abin da ke tare da mutum shi ne abin da ke cikin jakar bayansa, jakar da na zazzage da hannuna! Ina aka taɓa jin mace ta tashi daga gida an ce mijinta ba ya cikin abin da ke tare da ita? Ko so kuke in naɗe shi in cusa a jaka?

4. Game da Lambun Manya kuwa, ina taya ku murna. Shiru kam an samu, ko maƙabarta albarka. Dattawan da aka yi mini alkawari na ga uku: biyu ba sa motsi, na ukun ya zo ya tambaye ni ko ludayin na sayarwa ne. Na yi gudun gara na faɗa gidan zago. Wallahi har 'yan rawar kan rufi nake kewa, ko ba komai suna zagina da rai.

5. Da na ce a mayar da ni, aka ce ƙaurar ba ta da komowa, wai an rubuta a ƙasan shafi. An rubuta wa wa? Na gaya wa Damisa tun farko cewa ba na karatu, shi ya sa muke magana da murya. Sannan aka sanar da ni cewa gidan da ɗan gida bai taka ba har ƙarshen wata, rushe shi ake yi, a share duk wanda ke ciki. Wato 30 ga Yuni.

6. Masu hikimar ofishinka sun ba ni mafita: wai mai ɗaya asusun, wato maigidana, ya shiga da kansa, ko ya rubuto yana tabbatar da cewa ya yarda. Madalla da wannan basira. Lambar sirrinsa ta bi shi kabari, don ko ni bai taɓa gaya wa ba, yana tsoron in sayar masa da kifi. In kuna da masinjan da ke zuwa can ya dawo, ku turo shi, ina da saƙonni da yawa.

7. Na ari wayar matar ɗana, na shiga tsohon garin a matsayin baƙuwa. Na je har bakin shinge. Ga akwatunana a jere, ga awaki a ɗaure, ga shi zaune yana kallon rafi, kamar mai jiran in fito mu tafi. Ƙofa ta ce ni ba 'yar gida ba ce. Gidan da na ɗebo duwatsunsa ɗaya bayan ɗaya. Na daɗe a tsaye. Matar ɗana ta ce a cire wannan, na ce a bar shi.

8. Hular zinariya da kuka aiko mini ta ban haƙuri ta iso. Na gode. Ku ba Damisa ya rufe kunyarsa da ita, in yana da ita.

Saboda haka, ranka ya daɗe, ina roƙo cikin ƙasƙantar da kai: a dakatar da rushe gidan nan tun kafin ranar ta zo. A mayar da ni Babbar Kasuwa da ludayina, ko a ɗauko mini tsoho da bencinsa. Akwatuna da awaki na yafe, ku raba a ofis. Kada kuma a sake turo mini saƙon injin nan mai cewa ra'ayina yana da muhimmanci. Mutum nake nema, mai suna da fuska. A kira Damisa gabanka, a kunna masa muryarsa, ya faɗa da bakinsa ko mijin mace yana tare da ita ko ba ya tare da ita. Na binne mutumin nan sau ɗaya, da hannun Allah. Idan za a yi na biyu da hannun kamfani, to wani a cikinku zai tsaya ya amsa sunansa.

Ina jira a bakin shinge. Allah ya ja zamanin Yallaɓai.

Taka mai biyayya, iya gwargwado,

Iya Mai Ludayi
(Ga dangwalen babban yatsana.)