Yadda Zulaihat Ta Tayar da Firjin Inna

Kilomita Biyar, Bangi

Zuwa ga Yaya Sa'adatu, a Maraɗi.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fatan kina lafiya ke da Alhaji Mahaman da yara. Allah Ya ƙara lafiya, Ya rufa asiri. Mu ma nan alhamdulillahi. Unguwa lafiya lau, kasuwa tana ci, motocin Kamaru suna shigowa da kaya. Inna tana nan da ciwon sukarinta, amma da sauƙi, har tana fita tsakar gida ta yi wa matata Husna faɗa a kan gishirin miya.

Labarin 'yarki Zulaihat nake so in ba ki. Kin san allurar Inna ba ta son zafi, shi ya sa muke ajiye ta a ƙaramin firji mai aiki da sola. To, akwatin da ke raba wuta tsakanin sola da batir ya ƙone. Na zagaya kasuwa kaf ban samu irinsa ba, aka ce sai dai a jira daga Duwala. Muka koma sayen ƙanƙara muna zubawa a kula, kafin la'asar ta narke. Na ga tsoro a idon Inna.

Zulaihat ta buɗe akwatin, ta ce mini, Kawu, ƙwaƙwalwarsa ce kawai ta mutu, kuma akwai irinta wurin masu gyaran rediyo, sai dai sabuwa ba ta san komai ba, dole a rubuta mata umarni. Ta ce ƙwaƙwalwar ƙarama ce ƙwarai, don haka da yaren asembili za a rubuta, wato yaren da ya fi kusa da abin da na'ura take ji, kowane motsi da layinsa. Ta nemi taimakon ƙawarta Prisca, 'yar unguwar Miskine da suke aji ɗaya a jami'a, da kuma Jalaluddeen ɗan Yaya Yahuza, da ke karatu a Duwala.

Nan matsala ta taso. Kwamfutar Zulaihat tsohuwa ce mai Linux, ta Prisca Windows, ta Jalaluddeen kuwa Mac, kuma kowa da manhajar da yake rubutu da ita. In ɗaya ya aika aikinsa, sai ya isa wurin ɗayan a hargitse, layuka sun karkace. Suka ɗora a kan akwatin, batir ya yi ta zafi har na zare waya da hannuna. Jalaluddeen ya ce laifin Prisca ne, ita kuma ta yi fushi ta naɗe jakarta.

Yaya, a nan na ga hankalin 'yarki. Ba ta goyi bayan kowa ba. Ta ce a dakata da rubutu har sai an samu manhaja ɗaya da za ta hau kwamfutocin nan uku. Ta gwada wata, ashe Windows kaɗai take hawa. Wata kuma ta fi ƙarfin tsohuwar kwamfutarta. Wata tana da kyau, amma koyon maɓallanta ma karatu ne, mu kuwa ƙanƙara tana narkewa. Daga ƙarshe ta tsaya a kan wata mara nauyi mai suna Geany, wadda ke hawa duka ukun, tana kuma ba umarni launi daban, bayanin gefe da na'ura ba ta karantawa launi daban. Ta je Miskine da ƙafarta ta lallashi Prisca, ta saita musu komai iri ɗaya. Suna buɗe aikin, Prisca ta nuna wani layi da launinsa ya saɓa. Layin da ke cewa a tsayar da caji in batir ya cika ne, ya manne da bayanin gefe wajen aikawa, na'ura tana tsallake shi. Ba laifin kowa ba ne.

Da firjin ya tashi, Inna ta sa hannu a ciki ta daɗe ba ta cire ba. Sannan ta rungume Prisca tana ce mata singila mingi, wato na gode ƙwarai, tana sa musu albarka da Hausa da Sango a haɗe.

Na ji kina so Zulaihat ta dawo gida bayan Sallah. Ke ce uwa, maganarki ce gaba. Amma ina roƙonki ki bar ta ta ƙarasa shekarar da ta rage mata. Ita ba za ta iya gaya miki ba, don ta ce in kika kira ta za ta taho ko da ranta bai so. Shi ya sa na faɗa a madadinta.

Ki gaishe da Alhaji, da Ummuhani, da Rabi'atu da jaririnta. Husna tana gaishe ki. Ina jiran amsarki, kowace iri ce.

Ƙaninki,
Muktar