Kada Ka Yi Tsalle da Hular Nan, Masa'udu

Assalamu alaikum wa rahmatullah, ƙanena Masa'udu. Bayan gaisuwa da fatan ka sauka lafiya, yayanka Awudu ne, mai walda a Magazin, unguwar makanikai. Na san ka toshe lambata, kuma layinka da Mma take da shi ba ya shiga tun da ka tafi. Shi ya sa na rubuto maka a nan intanet, inda duk mutanen unguwarmu ta Aboabo za su karanta. Kunyar tawa ce, na ɗauka.

Kada ka yi tsalle da hular kwanonka. Na taɓa ta.

Ka tuna ranar da ka zo hutu ka baje kayan aikinka a tsakar gida? Kana ta bayani, wai kai ne kake faɗowa daga jirgin sama tare da baƙi, kyamara a ka, kana ɗaukarsu har laima ta buɗe. Ni ban saurara ba. Idona yana kan farantin da ke riƙe kyamarar a saman hular. Notinan da suka ɗaure shi duk na roba ne. Roba fa, Masa'udu. A Magazin ko madubin trotro, motar haya, ba ma ɗaurewa da roba. Na ce a raina an cuci yaron nan, an sayar masa da jabu.

Ana gobe za ka tafi muka yi faɗa. Na ce wannan ba sana'a ba ce, gwada Allah ne, kuma kai za ka tayar wa Mma da hawan jini. Ka ce, "Yaya, kai duk abin da ba ka iya ba haramun ne." Ka tashi ka bar tuwonka. Maganar ta yi min zafi, don akwai gaskiya a cikinta.

Ka san halina, bakina bai iya ba da haƙuri ba, sai hannuna. Da ka fita sallamar abokai, na ɗauki hular na kai shago. Na kwance notinan robar, na sa na ƙarfe, irin wanda ba ya tsatsa. Na ɗiga musu gam don kada girgiza ta sassauta su, na shafa baƙin fenti a kawunansu yadda ba mai bambanta su da na asali. Na mayar da ita jakarka ina jin daɗi. A lissafina, wata rana za ka lura, ka san yayanka yana sonka.

Jiya Mma ta ce in nuna mata abin da autanta yake yi. Ban taɓa buɗe bidiyonka ba sai ranar, girman kai ya hana ni. Muka zauna a ƙofar ɗakinta, kana Turanci ina fassara mata, tana dariyar tabaranka. Sai ga ka ka ɗaga hular, ka sa yatsa a kan notinan, ka ce da gangan aka yi su da roba. In igiyar laima ta sarƙe da kyamara lokacin buɗewa, sai su karye, kyamara ta tafi, wuya ya tsira. In suka ƙi karyewa, duk fizgar a wuyan mutum za ta ƙare.

Mma ta tambaye ni me ka ce. Na ce kana gaishe ta.

Tun ina yaron shago ake yabona don abin da na haɗa ba ya rabuwa. Ban taɓa sanin akwai abin da ake ƙera shi don ya karye ba. Rashin sani ya fi dare duhu, amma nawa ba rashin sani ba ne kawai, karambani ne. Da na tambaye ka, da ka faɗa min. Na raina saninka don ni na goya ka.

Na je gidajen abokanka, kowa tsohon layin yake da shi. Na tura saƙo ta shafinka, ba a buɗe ba. Kafin ka tafi ka ce wa Mma Asabar za ka koma aiki. Yau na kunna injin walda, sai na kashe na rufe shago. Tsoro nake ji, ƙanena, irin wanda ban taɓa ji ba.

Ka sa farce ka kankare kan notin, za ka ga ƙarfe. Ka cire su duka, ka sayi irin na da. Naka na asali suna nan a gwangwanin madara a kan tagar shagona, ko ɗaya ban yar ba. In sun ƙi kwancewa saboda gam ɗin, ka ari hular wani.

Wanda duk yake da hanyar samunka, don Allah ya kai maka wannan kafin Asabar. Kada kowa ya kai wa Mma, ni zan faɗa mata da bakina in na ji kana lafiya.

Allah Ya tsare min kai a sama da ƙasa, Ya buɗe laimarka salin-alin duk ranar da ka faɗo. Allah kada Ya sa hannuna ya zama sanadinka.

Ban ce ka yafe min ba tukuna. Ka kira kawai, ko zagi ne zan tsaya in ji har ƙarshe.

Yayanka,
Awudu