Sandar Feda da Kilo Tamanin da Biyar

Zuwa ga ɗan kawuna kuma taubashina, Iliyasu, a can Belzik, ƙasar Turawa.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kana lafiya, kai da iyali. Yaya aiki, yaya sanyi? Mu nan Zongo lafiya lau, sai zafi da ƙarar baburan haya na 'yan zem. Na zaɓi in rubuto maka a nan shafina na intanet, inda kowa zai gani, domin a bainar jama'a ka saba ci mini fuska tun muna yara. To, godiyar ma bari ta zo a bainar jama'a.

Ka tuna bara waccan da na sayi keken tsere na hannu a wajen wani Bature da zai bar Kotonu. Likita ne sila. Ya auna tansiyona, wato hawan jinina, ya dube ni, ya sake aunawa, sannan ya ce in rage jiki in riƙa motsawa, in ba haka ba hanyar da mahaifina ya bi a buɗe take. Na ɗauki rabin maganar na sayi keke. Rabin da ya shafi tuwo da sakwara kuwa a kan teburinsa na baro shi.

Ka san halin malamin lise, makarantar sakandare, ba ya taɓa abu sai ya karanta tarihinsa. Cikin wata biyu sau huɗu na hau keken, amma na karanta abin da zai cika kabad a kan kekuna. A nan na gano cewa matsalata ba tumbi ba ce, nauyin keken ne. Masana sun ce sandar nan da feda ke juyawa a kanta, in aka cire ta ƙarfe aka sa ta titaniyam, keke zai rage nauyin da ya kai na ƙwai guda. Ƙwai guda, Iliyasu! Ni da nake cin huɗu a teburin mai shayi kafin in shiga aji.

Na kira ka, tunda shekara ashirin ke nan kana gyara wa Turawa kekuna. Na yi maka lacca a kan ƙarafa, kai da kake kwana kana tashi a cikinsu. Na shirya wa dariyarka, don kai ne ka raɗa mini Buhu tun ina ɗan shekara tara, sunan ya bi ni har lise, ɗalibai suna faɗinsa ƙasa-ƙasa in na juya baya. Amma ba ka yi dariya ba. Ka ce to, za ka aiko. Da ina da wayo, a nan ya kamata in tsorata. Taubashin da ya yi shiru rami yake haƙawa.

Saƙon ya iso ta hannun wani Alhaji mai shigo da motoci. Ɗan kwali ne, ciki sanduna biyu masu ruwan toka, in ka ɗora a tafin hannu kamar ba ka riƙe komai ba. Babu wasiƙa, babu zagi. Sai takardar kamfani a ninke, da rubutu mitsi-mitsi cikin harsuna barkatai. Ba wanda ke karanta irin wannan takarda a duniya sai ni, mutumin da ko jaridar da aka ƙunso tsire a ciki sai ya karance ta kafin ya kai loma. Kai kuma ka san haka. Can ƙasa na iske layin da ka tanadar mini: kada mahayi ya wuce kilo tamanin da biyar, in ya wuce sandar na iya karyewa a ƙarƙashin ƙafarsa.

Ban je farmasi aunawa ba, domin mai tsaron wurin tsohuwar ɗalibata ce. Wajen masu sayen tsofaffin ƙarafa na je, na jira aka sauke wani mataccen firji daga sikeli, na hau. Ɗari da huɗu. Mai sikelin, wani ɗan Doso, ya girgiza kai ya ce da ƙarfe ne ni da yau ya tashi kasuwa da wuri.

Kwana uku ina fushi da kai. Na rubuta maka saƙo mai zafi, da karin magana har biyu, na goge. Daga baya na ajiye sandunan a kan teburin da nake gyara jarrabawa, kullum suna kallona. Likita ya yi magana ban ji ba. Rabi matata ta yi har ta gaji. Amma a ce ɗan guntun ƙarfe ya ƙi ni, kuma taubashina yana can ya kasa kunne yana jiran labari? Abin da tsoron mutuwa bai sa ni ba, tsoron gorinka ya sa ni.

Na fara fita bayan sallar asuba, da tsofaffin fedojina na ƙarfe. Da farko gada kawai nake tsallakewa in juyo, harshe a waje. 'Yan zem suna wuce ni suna tambayar ko in kama bayan babur su ja ni. Matan da ke sayar da kifi a Avotrou suka san ni, in na wuce sai su yi mini tafi irin na raini. Mai shayi ya ɗauki rage ƙwai da sukarin da na yi a matsayin cin amana, ya yi mako yana amsa gaisuwata a daƙile. Azumin da na ɗora wa rai ma kilo biyu ya ƙara mini, ka san buɗe-bakin Zongo ba wasa ba ne. Amma a hankali hanyar ta riƙa tsawo, har ranar da na ɗaga kai na ga na iso garin Sèmè-Kpodji, can nesa da Kotonu.

A can na zauna bakin titi ina huci, sai Baba ya faɗo mini a rai. Na tuna ranar da muka iske shi kwance a ƙofar banɗaki, baki a karkace, buta a gefe. Shekara uku ni da kai muna ɗaga shi, kai ta kafaɗu ni ta ƙafafu, mu kai shi wanka mu dawo da shi. Mijin gwaggonka ne kawai, ba wanda zai zarge ka da ka tsaya a gaisuwa, amma kai kake yanke masa farce. In ya so kiran sunana harshe ya ƙi, naka ne ke fitowa. A ɗakin nan ban taɓa jin ka yi wasa ba. Sai mun fito ka jawo ƙofa, sannan ka ce, “Buhu, saura kai, kuma wallahi ba zan ɗauka ba.” Ina dariya ina share ido.

Yana da hamsin da biyu ya faɗi. Ina da hamsin da ɗaya na kira ka ina maganar ƙwai guda. Ni mai karanta ƙananan rubutu ban taɓa ajiye shekarun nan biyu kusa da juna ba. Kai ka ajiye su.

Wata goma sha huɗu aka ɗauka. Juma'ar da ta wuce sikelin ɗan Doso ya tsaya a tamanin da huɗu da rabi. Na kwashi sandunan zuwa rumfar Malam Tanko mai gyaran keke, na ce da hannuna zan yi, shi ya zuba ido kawai. Na manta cewa fedar hagu baibai ake kwance ta. Ina ta murɗa sifana ina gumi, ashe ƙara ɗaure ta nake yi, dattijon yana kallo yana cin goronsa. Da na buɗe cikinta kuma ƙananan ƙwallayen boris suka watse a ƙasa, muka bi su da rarrafe. A ƙarshe ya karɓa, ya shafa girisi, ya haɗa komai kafin in gama yi masa bayanin yadda ake yi.

Na hau, na je Sèmè na dawo. Tsakanina da Allah, Iliyasu, ban ji bambancin komai ba. Keken yana nan yadda yake. Amma ranar Litinin likita ya auna ni, bai sake aunawa ba, ya soke ɗaya daga cikin ƙwayoyi biyun da nake sha.

Da na kawo wa Rabi labari ne ta fasa ƙwan. Ashe ta riga ni kiranka. Ta ce ta yi maka kuka, ta ce ba ta iya ɗaga ni in na faɗi, kuma kai ba ka nan. Ta ce a shagonku akwai sandunan da ke ɗaukar mutum irina lafiya lau, ka tsallake su, ka yi sati biyu kana neman waɗanda suka fi kowanne rowa. Duk tsawon watannin nan muna waya, kana tambayar ɗalibai da farashin doya, ko sau ɗaya ba ka tambaye ni ko na ɗaura su ba. Na san abin da riƙe bakin nan ya ci maka.

Na gode, ɗan'uwana. Ba ni da wata kalma da ta fi wannan, duk da yawan littattafan. Ka zo gida bana. Shekara shida ta yi yawa, gwaggonka ta tsufa, kullum sai ta tambaya ko kana cin abinci mai zafi. Ni ma ina so in gan ka da ƙafafuna biyu a ƙasa.

Allah ya jiƙan Baba, ya sa jinyar da ya sha ta zama kaffara. Allah ya tsare ka a ƙasar mutane, ya ba ka masu ɗaga ka in ka gaza. Kai da ka ƙare rayuwarka kana rage wa kekuna nauyi, Allah ya nauyaya mizaninka ranar da nauyi ne kaɗai ke da amfani. Amin.

Ɗan gwaggonka,
Mamman Sani
Zongo, Kotonu