Kiɗan da Alhaji Yake Yi da Yatsu

Nasarawa GRA, Kano
Maris, 2002

Yaya Loretta,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji, da fatan ke da maigida da yara kuna lafiya. Yaya ƙafar Mama?

Albishirinki! Alhaji Lawan, mai makarantar da nake koyarwa, zai aurar da 'yarsa Zulaiha, kuma ni ya ba kiɗan walima. Kin san tun da aka ƙaddamar da Shari'a ba mai son a ji ganga a gidansa, balle shi da yake neman takarar ciyaman. Ya ce ba waƙa, ba rawa, ba maroƙa. In zauna a gefen lambu da fiyanona, in riƙa sakin sauti a hankali mutane suna cin abinci.

So nake in yi masa abin da ba a taɓa yi wa kowa ba. Kin tuna lokacin rikicin Kaduna, da Kano ma ta ɗauki zafi, shi ya kwaso ni daga unguwar Gama ya ba ni ɗaki a bayan gidansa, har yau bai ce in tashi ba.

Na sha wahala kafin in kama bakin zaren. Na gwada salon coci, ya fito kamar jana'iza. Na gwada irin na Indiya da 'yan fim ke yi, ya fito kamar na kowa. Sai rannan ina duba takardun jarrabawa a baranda, Alhaji yana jiran shayi, na ji yana buga hannun kujera da yatsu. Kullum haka yake yi in ya tafi tunani, amma ban taɓa kasa kunne ba sai ranar. Yaya, kiɗa ne cikakke! Zai yi kira da sauri, ya ɗan dakata, sai ya amsa wa kansa da nauyi. Na ruga ɗaki na ɗora shi a fiyano da muryar kalangu, na shimfiɗa masa ogan na coci a ƙasa, na saƙa masa jita irin ta kiɗan hailaif ɗin da Baba ke ji a garmaho, sarewa kuma tana yawo a sama. Da na gama sai da tsigar jikina ta tashi.

Ga kaset nan na haɗo miki. Shi bai ji ba, so nake ya zo masa ba zato.

Ƙaninki,
Cornelius

*

Wusasa, Zariya

Koni,

Mun gode Allah, kowa lafiya. Ƙafar Mama da sauƙi, shaida kuwa kaset ɗinka: muna kunnawa ta hau gyaɗa kafaɗa. Ta ce ta san kiɗan nan a wani wuri tun tana yarinya, ta yi ta tunani bai zo mata ba.

Ya yi daɗi, ba ƙarya. Amma ni dai ina da magana. Abin da mutum yake bugawa shi kaɗai in ya tafi tunani, ba da kai yake ba. Ka kunna masa a ɗaki ya ji tukuna. Ba zato ɗin nan naka ne ya sa ka ƙone wa Baba rediyo da sunan gyara.

Na san ba ji za ka yi ba. Ka ci mana naman biki.

Yayarka,
Loretta

*

Kawaji, Kano
Afrilu, 2002

Yaya,

Ina gaisuwa. Kada ki karanta wa Mama wannan.

Ban kunna wa Alhaji kaset ɗin ba.

Walima ta cika. Dangin ango 'yan sarauta ne, sun zo da manyan rawuna, ga 'yan jam'iyyar Alhaji. Na fara da sanyi, ba wanda ya kula da ni. Da aka kawo abinci sai na saki nawa. Kalangun na shiga, na ga Alhaji ya tsaya cak da kofi a hannu. Ni a wautata na ɗauka daɗi ne ya kama shi, har na ƙara sauti.

Can baya kusa da masu raba ruwa, wani tsoho mai koɗaɗɗiyar riga ya miƙe ya ɗaga hannu yana jinjina, hawaye na zuba masa. Na san shi, shi yake kawo nama gidan a keke.

Sai kawun ango ya ajiye cokali yana murmushi, ya ce, “Alhaji Lawan, ashe har makaɗan mahauta aka gayyato? To ina tsiren?” Aka kwashe da dariya. Wani ya ce, “Ai kalangu ba ya ɓatan gida.”

Alhaji ya taso da kansa ya zare wayar lantarkin. Ya ce da ƙarfi, “Ku yi haƙuri. Yaron nan Kirista ne, kiɗan cocinsu ne. Mu ina muka san wannan?”

Tsohon ya sauke hannunsa. Bai taɓa abincinsa ba, ya ja kekensa ya fita.

Daga baya Hajiya Raliya, uwar amarya, ta same ni ina naɗe wayoyi. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ta ce tsohon nan Malam Sule ne, yayan Alhaji uwa ɗaya uba ɗaya, har yau fawa yake yi a Tudun Wada. Kiɗan kuma taken mahaifinsu ne, wanda makaɗa ke yi masa a mahauta. Alhaji ya gaya wa surukai cewa mahaifinsa falke ne.

Yaya, mutumin da ya rufa mini asiri na tona wa nasa a gaban surukansa, ina washe baki ina jiran yabo. Na yi ta alfaharin kiɗana ba ya magana, ashe duk wani mai furfura a wurin yana jin abin da yake cewa, ni kaɗai ne kurma. Maganar coci ta yi mini zafi, ba zan ɓoye miki ba. Amma in na tuna yadda tsohon nan ya sauke hannu, sai in ji ba ni da bakin yin fushi.

Ina ɗakin abokina Tony. Ban koma makaranta ba, fiyanon ma can gidan Alhaji na baro shi.

Cornelius

*

Kawaji, Kano

Ranka ya daɗe Alhaji,

Bayan gaisuwa da girmamawa. Ba ni da fuskar da zan zo da ita, shi ya sa na rubuto. Allah ya sani ban san abin da na ɗauka ba, amma na ɗauka ban tambaya ba. Ka yafe mini. Zan turo a kwashe kayana, makulli zan bar wa maigadi. Na gode da riƙon da aka yi mini.

Naka mai biyayya,
Cornelius

*

Nasarawa GRA

Malam Cornelius,

Salamu alaikum. Na ga takardarka.

Amarya ta tare lafiya. Surukai sun yi dariyarsu sun gama, 'yan siyasa kuma sun samu abin yi da ni. Wannan duk mai sauƙi ne.

Kai ka yi kuskure ba ka sani ba. Ni na san abin da nake faɗa. Na kira ka yaro, na yi wa cocinku ƙarya, ka yi haƙuri.

Na aika wa Yaya Sule direba, ya dawo da shi. Na aika Hajiya, ya karɓe ta da mutunci, amma bai ambaci sunana ba. Yanzu wani yaron shago yake aikowa da naman.

Kada ka kwashe komai. Ranar Juma'a in an sauko masallaci zan je Tudun Wada, kuma ba na jin zan iya shiga gidan nan ni kaɗai. Ka jira ni a bakin ƙofar makaranta. Ka zo da kaset ɗin.

Wassalam,
Lawan