'Yan Matan da Sadisu Ya Kai Filin Jirgi

Unguwar Magajiya,
Suleja.

Zuwa ga yayana Bamalli,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ina gaishe ka gaisuwar ƙanwa ga yayanta, da fatan takardar nan za ta same ka lafiya, kai da Anti Halimatu Sadiya da yara da duk mutanenmu na Kumasi. Allah ya sa ciwon ƙafar nan naka ya zama kaffara, ya buɗa maka kasuwa. Mu nan da sauƙi. Inna ta fara fitowa tsakar gida da kanta. Ɗana Munir yana nan yana sammakon Abuja kullum. Damina ta yi kyau, doya ta cika kasuwar Izom.

Yaya, rubutu na zaɓa saboda duk lokacin da muka yi waya ba ka bari in kai ƙarshen magana. Da na ambaci Sadisu sai ka ce sharri aka yi wa ɗanka, shi direba ne kawai, ka kashe waya. To takarda ba a katse ta. Ka karanta har ƙarshe, in ya so ka yi fushi da ni.

Ka san Yejide, 'yar hayarmu ta ɗakin baya, mai ɗinki, wadda muke kira Maman Titi. Da goyon Titi ta shigo gidan nan. Lokacin da uwar Sadisu ta rasu ka bar mini shi, ita ta ɗinka masa kayan makaranta, a ɗakinta yake cin abinci in na tafi kasuwa. Wannan matar ce ɗanka ya je ya durƙusa wa, ya ce wata Hajiya da yake ɗauka a tasinsa na filin jirgi tana neman 'yan mata masu kitso, za ta kai su shagonta a ƙasar Larabawa. Shi ya kai Titi aka yi mata fasfo. Shi ya sa jakarta a but ɗin motar da ka saya masa. Ina tsaye a ƙofar gida ina yi mata addu'a, shi yana dariya yana ce wa uwarta ta daina kuka, ai ƙanwarsa ce.

Titi ta tafi bayan ƙaramar sallah, muka ji shiru. Kullum Yejide ta tambaya, sai ya ce aiki ne ya yi mata yawa. Sai ran nan saƙon murya ya shigo wayar Yejide daga wata baƙuwar lamba. Titi ce, ta ari wayar wata 'yar aiki a ɓoye. Babu shago, babu kitso. An ƙwace fasfonta tun ranar da ta sauka, an kulle ta a wani gida tana wanke-wanke da goge-goge, daga baya aka sayar da ita ga wani gidan. Sayarwa, Yaya, ita ta faɗi kalmar da bakinta. Ta ce matar gidan ta manna mata dutsen guga a hannu. Ta fara da Yarbanci, sannan ta juya Hausa tana kiran Gwaggo Asibi, wai in taimake ta. Har yau muryar ba ta fita daga kunnena ba.

A gabana Yejide ta kunna wa Sadisu saƙon. Ya saurara har ƙarshe, ya ce 'yan matan yanzu ragwaye ne, za ta saba, ya ɗauki makullin mota ya fita. Ina so ka tsaya a nan ka sake karantawa, domin abin da ya biyo baya shi ne ya hana ni barci. Bayan ya ji wannan muryar ne, ba kafin ba, ya sake ɗauko wasu yara biyu, ɗaya daga Chaza, ɗaya daga Izom. Ta Izom ɗin ko ƙirjin kirki ba ta fara ba. To ina rashin sanin da kake faɗa?

Wani dattijon direba a layinsu, Onwuka, shi ya tona. Ya daɗe yana ganin Sadisu na kawo 'yan mata masu zama tsit a bayan mota, kowacce da sabuwar jaka, babu mai rakiya, fasfonsu kuma a aljihunsa. Ya ja shi gefe ya yi masa magana, ɗanka ya ce ya kula da sitiyarinsa. Onwuka ya ce shi ma uban 'yan mata ne, ya kai ƙara. Jami'an yaƙi da safarar mutane suka kama shi da yaran biyu a wurin ajiye motoci. Yejide ma ta je ta shigar da tata ƙarar, a can jami'an suka bayyana mana cewa irin su Hajiyar nan direbobin filin jirgi suke nema, saboda an saba da fuskarsu, ba mai kallon motarsu sau biyu. A hanya Sadisu yake koya wa yaran ƙarya, wai in an tambaye su su ce ziyarar gwaggonsu za su. Wannan ba tuƙi ba ne, Yaya. Direba kai fasinja yake yi inda ya ce a kai shi, ba ya riƙe masa fasfo, ba ya koya masa abin da zai faɗa.

Na je na gan shi inda yake tsare. Ya rame, na yi kuka, ba zan ɓoye maka ba, ni na raine shi. Na roƙe shi ya faɗi sunan matar da inda take, domin jami'ai sun ce ta hannunta kaɗai za a gano gidan da Titi take. Ya sunkuyar da kai ya ce Hajiya ta yi alkawarin fitar da shi muddin ya yi shiru, kuma Baba ma ya ce za a kashe maganar a gida. Kai ne Baban. Shirun da yake yi, da ƙarfinka yake yin sa.

Sai ga Kawu Khamis da dattawa biyu, wai kai ka turo su wurin Yejide ta janye ƙara saboda zumuncin zama tare. Ɗaya daga cikinsu har ya ce in ta ƙi, ta tuna gidan wa take zaune. Kunya ta kusa kashe ni. Yejide ta durƙusa ta gaishe su, ta kawo musu ruwa, ta ce ta ji, duk ranar da suka kawo mata Titi bakin ƙofar nan, da ƙafarta za ta je ta janye. Ni na raka su zaure, na ce wa Kawu da girmansa da komai, gidan nan na mahaifinmu ne, ina da gado a ciki, Yejide ba za ta fita ba. Kada ka sake aiko kowa wurinta. Mace tana kwana da wayarta a hannu ko 'yarta za ta sake samun aro, ku kuma damuwarku kada a ji sunan gidanmu a kotu. An riga an ji shi a Chaza da Izom.

Abin da nake so gare ka ɗaya ne. Ka zo gida, ko ka kira shi ta wayar lauyansa, ka ce ya buɗe baki. Maganata ba ta shige shi ba, taka yake ji tun yana yaro. In ya faɗa, wataƙila alƙali ya sassauta masa, wataƙila kuma Allah ya dube shi. Abinci ina kai masa, ba zan daina ba. Amma ranar da za a shiga kotu, kusa da Yejide za ka same ni zaune, kuma in an tambaye ni abin da ya ce da ya ji muryar Titi, zan faɗa.

Ka gaishe da Anti Halimatu Sadiya, da Fiddausi da mai gidanta, da ƙananan duka. Munir yana gaishe ka. Inna ma tana gaishe ka. Ba mu gaya mata komai ba, amma kanta ya tsefe ya cukurkuɗe, ta hana kowa taɓawa, ta ce hannun kowa da zafi, Titi za ta jira ta dawo ta yi mata kitso.

Ƙanwarka,
Asibi