Ramin Man da Aka Toshe a Injin Garkarmu

Zuwa ga Shugaban Ƙungiyar Makanikai ta Damagaram,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ranka ya daɗe, shekara uku ke nan rabona da Mirriya. Ina Tamanrasset ina dakon siminti. Da wannan gumi na saya wa ƙanena Sani injin ban-ruwa, da niyyar in albasar bana ta yi kyau in tattara in dawo gida.

Na ɗaya. Ana saura wata guda a cire albasa, injin ya fara ƙwanƙwasa. Sani ya kai shi garejin wani ɗan ƙungiyarku a Zinder. Aka ce bag ɗin biyel ya cinye, wato zoben tagullar nan da ƙusar fistan ke juyawa a ciki, a bakin biyel, sandar ƙarfen da ke riƙe da fistan. Gaskiya ne, ya cinye. Na aika jika goma sha biyar na sefa.

Na biyu. Ba zan yi masa ƙazafi ba, sabon bag ya saka. Amma da guduma ya buga shi, bai kuma daidaita ramin bag da ramin biyel inda mai ke bi ba. Ya zuba mai mai kauri, ƙara ta kwanta, ya ce a ɗauka. Ba a yi mako ba bag ya ƙone, biyel ya fasa gangar injin ya leƙo waje. Wani makanikin Mirriya da ya kwance shi ya turo mini hoto: ramin a toshe yake.

Na uku. Da Sani ya koma, cewa aka yi ƙaddara ce. Na yi imani da ƙaddara, amma ba ita ta riƙe gudumar ba.

Roƙona, ku kira ɗan ƙungiyar taku ku duba biyel ɗin, yana hannun Sani. In laifinsa ne, ya nemo mana wata ganga. Sannan ku hana a rufe inji sai an zura waya a ramin nan a gaban mai shi. Ban ambaci sunansa a takarda ba, don shi ma yana da iyali; Sani zai faɗa muku da baki.

Allah ya ƙara maka girma, ya sa ka gama lafiya.

Sani da matarsa da guga suka ƙarasa ban-ruwa. Abin da muka tsira da shi: albasa buhu huɗu, tankin mai, da mesa. Komawa gida kuwa, sai baɗi in da rai.

Wassalam.

Habu, ɗan Mirriya