Layin da Tiyumba Ta Bari Babu Suna

Kumbungu,
Ranar Litinin.

Zuwa ga ƙanena Ziblim, a Tema.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa irin ta 'yan ɗaki ɗaya, ina fatan takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Barikisu da yara. Allah Ya tsare ka a kan hanya da manyan motocin nan da kake ja, Ya sa albarka a neman. Mu nan lafiya lau. Gwiwar mahaifiyarmu Mma ta yi sauƙi, har takan taka zuwa ƙofar gida ta yi wa kaji faɗa. An haƙe doya, ta yi kyau bana, akuyar da ka bari kuma ta haifi biyu. Ka yi haƙuri da rubutun, ka san hannun 'yar yaƙi da jahilci ne. Sau biyar na kira ka a kwanakin nan ba ka ɗauka ba, sau ɗayan da ka ɗauka ka ce kana tuƙi. Shi ya sa na ba Shahadu mai motar doya wannan ya danƙa maka hannu da hannu. Takarda dai ba a katse ta.

Maganar Tiyumba ce, kuma lokaci ya ƙure. Ran Juma'ar nan mutanen jarrabawa za su dawo makarantarsu daga Tamale, karo na ƙarshe, su ɗauki hoton yara su shigar da sunayensu. Duk wanda bai shiga ba, ba zai zauna jarrabawar gama ƙaramar sakandare bana ba. 'Yarka ba ta shiga ba tukuna, kuma ba kowa ya tsare ƙofar ba sai kai. Bari in ɗauko maka daga farko, don kar ka ce Damata ta fara faɗanta.

Ka tuna shekara goma sha ɗaya ke nan da ka kamo hannun yarinyar nan, tana da shekara huɗu, ka sa a nawa a gaban baffanninmu, kamar yadda Baba ya sa hannuna a na gwaggonmu. Uwarta Barikisu tana kuka a bayan ɗaki, ni ma ina yi. Tun ran nan ni ce mai kitso, ni ce mai jinya, ni ce mai faɗa. Makarantarsu kuwa, wadda Mista Dokurugu ke shugabanta, in suna da magana, malami yakan biyo ta rumfar da muke kaɗa man kaɗe ya gaya mini, ko a aiko yarinyar da saƙo a baki. To bana sai suka ce wai za su gyara yadda suke magana da iyaye. Aka kawo wata akawu daga kudu, Madam Efuwa, aka ce kowane yaro lamba ɗaya, ta uba ko ta uwa, saƙo zai riƙa shiga waya kai tsaye. Ba su tambayi kowa ba, suka buɗe takardun haihuwa suka kwafe sunaye. Tiyumba ta faɗa ƙarƙashin lambarka. Daga ran nan makaranta ta yi mini ɗif.

An yi taron iyaye, ban ji ba. An sa ranar ɗaukar hoto ta farko, wata Asabar, an hana malamai aika saƙon baki wai yara na ɓata shi, ban ji ba. A ranar ma na tafi da ita kasuwar Tamale ta taya ni ɗaukar mai. Sai Litinin ta dawo gida ido ya yi ja, ta ce Gwaggo, an ɗauki kowa ban da mu. Wallahi Ziblim, zanin da ke jikina da shi na fita. Na isa ofis na ce a ba ni takardar shigar da ita jarrabawa in dangwala. Madam Efuwa ta duba na'urarta, ta dube ni, ta ce sunana ba ya ciki. Sai ta sa wani malami ya tambaye ni wai ni wace ce a wurin yarinyar. Ni! A garin da aka haife ni, a kan yarinyar da na san adadin tabon da ke ƙafarta. Na juyo gida ban ko yi sallama ba.

Ashe ba ni kaɗai ba ce. Da na faɗa a rumfa, sai ga shi yara tara a ajin nan duk a hannun gwaggonni suke, duk an tura saƙonsu wajen ubannin da ke kudu, duk sun rasa hoton. Ka san Magajiya Samata, shugabarmu, ba a taɓa ta a kwana lafiya. Ta ajiye muciya ta ce to, tunda makaranta ba ta san mu ba, mu ma ba mu san ta ba: a cire yara gaba ɗaya, kuma daga gobe kar wadda ta ƙara kai musu itace ko ruwa. Ran Talata muka taru a ƙofar makaranta, mun fi talatin, hannuwa duk mai. Maigadi ya rufe ƙyaure, malamai suna leƙe ta taga, wasu samari har sun fara tsintar duwatsu. Gaskiya na tsorata, don in aka yi jifa ɗaya an gama, makarantar da jarrabawar duka.

Allah Ya taimaka Mista Dokurugu ya fito da kansa. Ya fara zuba Turanci, Magajiya ta ce masa kai Dokurugu, mayar da wannan aljihu, ka yi mana harshen da aka yaye ka da shi. Ta tambaye shi a gaban malamansa, wa ya riƙe ƙanwarsa har ta yi aure, kuma 'yarsa ta fari yanzu haka a ɗakin wa take kwana. Mata suka kwashe da dariya, wata ta ce a duba na'ura ko sunan gwaggon tata yana ciki. Bawan Allah ya cire hula ya share zufa, ya ce wa Magajiya Mma, na yi kuskure, na ɗauko tsarin wasu na ɗora wa mutanena. Nan take aka zauna a inuwar darbejiya aka daidaita. Kowane yaro za a ba shi layi biyu, na wanda ya haifa da na wadda take riƙo. Saƙo zai riƙa zuwa da murya cikin Dagbanci, ba rubutun Turanci ba. Duk babbar magana kuma malami zai kawo ta rumfa ranar kasuwa, Magajiya ta watsa. Sharaɗi ɗaya ya kafa: uban da sunansa ke ciki ya kira shi, ya faɗa da bakinsa a rubuta gwaggo, don kar gobe wani ya ce an yi masa shigar sauri a kan ɗiyarsa. Muka ce wannan gaskiya ne.

Kafin la'asar ubanni takwas sun kira. Har da Tiya, wanda ke gonar koko inda sai ya hau tudu wayarsa ke kamawa. Saura ɗaya. Na yi ta kare ka, ina cewa aikin ƙanena ba ya barin mutum ya taɓa waya. Ran Alhamis na kama hannun Tiyumba muka koma, na ce a duba ko lambar ce aka yi kuskure. Madam Efuwa, wadda yanzu har ta koyi gaishe ni da harshenmu ko da yake a karkace, ta ce lamba daidai take, ai kana ba da amsa. Ta juyo mini da fuskar wayar. Turanci ne, sai na ce Tiyumba ta karanta mini, tunda don haka muka kai ta makaranta.

Ziblim, da na san abin da ke ciki da na haɗiye harshena. 'Yarka ta tsaya a tsakiyar ofis tana karantawa tana juya mini: wai kar a shigar da ita jarrabawa a nan, a shirya mata takardar canjin makaranta, za ka zo ƙarshen zango ka tafi da ita Tema. Ta kai inda ka ce ba sai an gaya wa, sai muryarta ta tsaya. Ban buƙaci ta ƙarasa ba, na san sunana ne ke gaba. Madam Efuwa ta kife wayar, ta rasa inda za ta sa idonta. Daga baya ta gaya mini a hankali cewa ko ka tafi da ita, babu makarantar da za ta shigar da ita jarrabawar bana a can, don ko'ina rufewa ake yi. Shekara guda za ta tafi a banza, yarinyar da ba ta taɓa wuce na uku a aji ba.

Na ji zafi, ba zan ɓoye maka ba. Akawun kudu da ta tambaye ni ni wace ce, baƙuwa ce, na yafe mata. Kai fa? 'Yarka ce, ban taɓa cewa ba taka ba ce. In Barikisu ce ke kewarta, na san wannan ciwon, kuma ba zan tare ƙofa ba. Amma da rana tsaka ka ba ni ita, a gaban manya, da goro. In karɓa za ka yi, ka zo ta ƙofar da ka shigo, ka zauna, ka dubi idona ka faɗa. Ba ta wayar makaranta ba. Abin da nake roƙo yanzu ɗaya ne: ka kira Mista Dokurugu kafin Juma'a, ka bar ta ta zauna jarrabawarta. Sauran maganar tawa ce da taka, sai ka zo.

Sun ba ta sabuwar takardar mai layi biyu ta kawo gida. A layin farko ta rubuta sunanka, da kyakkyawan rubutun nan nata. Na biyun ta bar shi fari. Na ce me kike jira, ta ce ba ta so ta rubuta suna a zo a soke. Tun ran Alhamis ba ta cin tuwon kirki. Jiya tana wanke tukwane, ba ta ko ɗago ba, ta tambaye ni ko wani laifi ta yi mini da zan mayar da ita. Amsar nan kai za ka ba ta.

Ka gaishe mini da Barikisu sosai, ka ce ban riƙe ta da komai ba. Ka shafa mini kan Suhuyini da Wunpini. Mma tana gaishe ka, ban gaya mata ba tukuna saboda hawan jininta. Maigidana Sayibu ma yana miƙa gaisuwa. Allah Ya sada mu da alheri.

Yayarka,
Damata,
gwaggon Tiyumba, in ka yarda a rubuta.